Tikitin Baba Tela

Baba Tela ya tsufa a kan keken ɗinki, kuma ko yadi ka ce masa biyar ne, sai ya auna da kansa. Don haka da 'yarsa da ke aure a ƙasar waje ta yankar masa tikitin jirgi, sai ya saka tabarau ya nufi ofishin masu tikiti.

"Yarinya, duba mini ranar dawowata."

Ma'aikaciyar ta leƙa kwamfuta. "Baba, na tafiya kawai aka saya."

Ya gyaɗa kai. Tun rasuwar matarsa 'yar ke cewa ya huta, ya zo ya ga jikoki. Ashe ganin jikokin ba shi da ƙarshe.

Ya koma shago, ya karɓi ɗinkin duk wanda ya shigo, ya yayyanka yadukan ya jera, ko allura bai sa musu ba.

Da ta kira tana tambaya ko ya shirya, ya ce, "Na shirya, uwata. Sai dai na yanka kayan mutane. Ki sayi na dawowa, ko su biyo ni har gidan mijinki."