Madaci Mai Lamba Bakwai

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, mu uku a tsohuwar motar ɗayanmu, dukkanmu malaman daji ne da suka ajiye aiki. Mai motar yana tuƙi yana zagin ramuka, ɗayan kuma tun kafin mu fita gari ya fara minshari, shi da ya rantse zai taya direba hira. Ni ina baya, rungume da buhun da ba komai a ciki. Kafanchan muka nufa, kuma alkawari ne ya tashe ni.

Bara war haka abokina Ayuba ya rasu. Shekaru masu yawa muka yi tare a wani gandun daji bayan Godogodo, ni ne babba a takarda, shi ne babba a sanin itace. Da na je duba shi a asibiti, ya kama hannuna ya ce, “Malam, kar ka bari su danne ni da siminti kawai. Ka je ka ɗebo iri daga lamba bakwai, ka rena, ka dasa a kaina.” Na ce masa to. Irin madaci a wannan lokaci na zafi yake zuba, kuma ba ya jimawa yake mutuwa in ba a shuka ba, shi ya sa na jira shekara ta zagayo. Kafin mu taso sai da na cika ledojin reno guda ashirin da ƙasa da taki, na jera su a bayan ɗaki.

Ga abin da ake nufi da lamba bakwai. Muna samari a aiki muka zaɓi madatai goma sha biyu, waɗanda suka fi miƙewa da lafiya a duk dajin, domin su zama iyayen iri. Daga su kaɗai ake ɗibar abin da za a rena. Ni na kawo shawarar a zagaye kowanne da jan fenti a rubuta masa lamba, don kowa ya san ba a taɓa shi. Ayuba bai so ba. Ya ce shi ya san su a kansa, kuma abin da kake so ya tsira ba ka nuna shi da yatsa. Na yi masa dariya, na ce ai doka ce za ta tsare su, ba ɓuya ba. Da yake ni ne shugaba, magana ta ƙare a nan. Ni na riƙe buroshi, shi ya ɗauki gwangwanin fenti. Lamba bakwai ya fi so, don mu biyu ba ma iya zagaye gindinsa da hannu, kuma a inuwarsa muke cin abincin rana.

A Kachia muka tsaya shan shayi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har mai minshari ya tambayi matar ko maganin zazzaɓi take sayarwa, ita kuma ta ce ya je ya tambayi kuɗin wake. Daga nan hanya ta fara nuna mana abin da ba mu so gani ba. Manyan motoci suna ta wuce mu, sun nufi inda muka fito, an lafta musu buhunan gawayi har suna karkacewa. Tsakaninsu akwai masu katako. Ga mu tsofaffin malaman daji uku a mota ɗaya. Direba ya ƙara sautin rediyo.

Wajen Kwoi an shanya citta a kan duwatsu, ƙamshinta har cikin mota. Mun wuce mararrabar Nok, inda 'yan acaɓa suke kwance a kan baburansu suna jiran fasinja. A Kagoma muka sayi soyayyar doya da yaji a takarda, ita ce kaɗai abin da na ci a tafiyar nan na ji daɗinsa. Muka shiga Kafanchan bayan azahar, ta gefen layin dogo, taragai na nan a tsaye ciyawa ta fito a tsakaninsu. Shagon wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo da muke cin shinkafa ni da Ayuba in mun zo karɓar albashi, yanzu wayoyi ake caji a ciki.

Matar marigayin, Maman Godiya, ta tarbe mu da gwaten acca mai zafi. Ta rame. Takalman robar Ayuba na shiga daji suna nan a bakin ƙofa, an wanke su tas. Ta kai mu bayan gida inda kabarin yake, ta nuna mini wani fili kamar faɗin tabarma a wajen kai. Ta ce, “Masu siminti sun so su rufe duka, na hana. Na ce wannan wurin na Malam ne. Ranar addu'ar cika shekara ma na gaya wa fasto, itacen yana zuwa da damina.”

Washegari da safe muka tafi Godogodo, muka ajiye mota muka hau babura. Wanda ya ɗauke ni dattijo ne mai furfura, muna tafiya ya waiwayo ya ce, “Oga, ba ka gane ni ba? Ni ne mai ban ruwa a wurin reno.” Na gane shi da muryar. Na gaya masa abin da ya kawo mu. Sai ya rage gudu.

Inda na san daji ya fara, gonar doya ce. Na ce wataƙila na manta hanya. Muka ƙara gaba, rana tana dukanmu a wurin da a da ko da tsakar rana sai ka ji sanyi a wuya. Ramukan gawayi nan da can, wasu na hayaƙi. Layin da muke sharewa duk shekara don kada wuta ta shiga, ko alamarsa babu. Dattijon ya tsayar da babur a gefen rafi, ya nuna da haɓa.

Kututture ne, faɗinsa ya isa mutum ya kwanta. A gefe ga wani ɓawo da injin yankan katako ya yar, jan fenti a jikinsa, da rabin lambar. Fentin ma bai tsufa ba, domin ko bayan ya ajiye aiki Ayuba yakan zo ya sabunta shi da kansa. Shawarar da bai yarda da ita ba, ya riƙe ta fiye da ni da na kawo ta.

Na tambayi dattijon sauran sha ɗayan. Ya ce, “Duka ya tafi, Oga. Masu inji in sun zo ba ya wahala. Suna cewa a nuna musu mai jan fenti, wai malaman daji sun riga sun zaɓa musu mai kyau. Shi suka fara yankawa kafin sauran.”

Na zauna a kan kututturen. Shekara da shekaru ina taƙama da wannan fenti, har a taro na sha ba da labarinsa. Ashe talla na yi wa itatuwan. Na duba saman kututturen yadda aka koya mana, launinsa da tsagewarsa da irin tohon da ya yi ya bushe. Yankan ya kai shekara, ko ya ɗan fi.

Ba mu tafi nan da nan ba. Mu huɗu, har da dattijon, muka durƙusa muna tona toka da hannu, ko za a dace da ɗan tsiro guda da ya fito daga irin da ya zuba a baya. Mai minshari ma, duk da ciwon gwiwarsa, ya durƙusa. Wuta ta bi wurin ba sau ɗaya ba. Har rana ta karkata ba mu sami ko ganye ba. Na saka ɓawon nan a buhu, muka juyo.

Da muka shigo Kafanchan, direba ya tsaya a ƙarƙashin tsofaffin madatan bakin titi, waɗanda masu neman magani suka sassaƙe wa jiki. Iri ga shi nan a ƙasa birjik. Ya ce, “Ka ɗiba mana. Madaci madaci ne, wa zai sani?” Na sauka, na tsinci cikin hannu, na tsaya ina kallonsa. Ayuba ko a ledar gwaji ba zai shuka irin karkataccen itace ba. Na watsar, na koma mota.

Na gaya wa Maman Godiya gaskiya, na ajiye ɓawon a gabanta. Ta shafa fentin da yatsa. Sannan ita ta koma ba ni haƙuri. Ta ce, “Kar ka damu, Malam, Ubangiji ya ga zuciyarka. Ai ka riga ka yi masa. Ba kai ka tsaya ka ce sai akwatin madaci za a sa shi ba? Kafinta ya ce katakon ba irinsa a kasuwa, daga dajin su Baban Godiya ma aka kawo.”

Haka ne, ni ne. Ranar da ya rasu na shiga shagon kafinta na ƙi farin katako, na ce malamin daji ba zai tafi a cikin abin banza ba, a nemo madaci mai faɗi, marar gaɓa. Aka nemo kuwa cikin yini ɗaya, na shafa shi na yaba. Ni da na yi rayuwata ina tare motoci ina tambayar takardar katako, ranar ban tambayi daga ina ba. Ban san ko lamba bakwai ne ba, kuma babu wanda zai iya gaya mini. Abin da na sani shi ne lokacin yankan da na karanta a kan kututturen nan ya zo daidai da rasuwarsa. Ban gaya mata wannan ba. Na ce amin, na sha ruwan da ta miƙo mini.

Mun dawo Kaduna washegari kafin la'asar, ba wanda ya yi barci a hanya, ba kuma wanda ya tsokani wani. In an tambaye ni me tafiyar nan ta koya mini, ba ni da wani abin kirki da zan faɗa. Na ga aikin rayuwarmu an ɗaure shi a buhu ana kai wa birni, kuma na ga hannuna a ciki har sau biyu. Ayuba ya faɗa mini tun muna samari, na yi masa dariya, yanzu babu wanda zan je in ce wa ka yi gaskiya. Damina na tafe, kuma akwai fili kamar faɗin tabarma da wata baiwar Allah ta hana a rufe saboda ni.

Da na shiga gida na tarar maiɗakina ta yayyafa wa ledojin nan ashirin ruwa, don ƙasar ta yi laushi kafin in iso. Ta dubi buhun, ta dube ni, ta ce gobe ma a zuba musu?