Yafiyar Inna Mai Bandar Kifi

Ban daɗe da aure a Kafin Maiyaƙi ba aka buɗe mana Islamiyyar matan aure, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Bayan la'asar muke zuwa, kowa da goyonta. Wata rana malamarmu ta yi mana karatu a kan giba. Ta ce ita ce ka ambaci mutum a bayan idonsa da abin da ba zai so ba, ko da gaskiya ne. Ta ce akwai haƙƙin mutum a ciki, don haka istigfari kaɗai bai isa ba, sai ka je mai haƙƙin ya yafe maka.

Nan take na tuna da wata magana da na yi. Muna da maƙwabciya, dattijuwa, cikin mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garuruwansu. 'Ya'yanta ke kawo kifi, ita kuma ta yi bandarsa ta sayar. Inna muke ce mata. Ita ta kula da ni a haihuwar fari, don mahaifiyata tana can Doguwa. Amma kwanaki kaɗan kafin karatun nan, muna ɓarar gyaɗa mu biyar, na ce duk tabarmar da Inna ta zauna a kai sai an shanya ta kwana biyu kafin ƙarni ya fita. Aka yi ta dariya, har wata ta ƙware.

Washegari da hantsi na ɗauki mayafi na shiga gidanta. Tana juya kifi a kan raga, hayaƙi ya cika tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce, "Inna, zuwa na yi ki yafe mini."

"Me kika yi mini, 'yar nan?"

"Maganarki na yi."

"Wace magana?"

Ban shirya wa wannan ba. Na so in sassauta, sai na tuna ƙarya ma haramun ce. Na maimaita mata yadda na faɗa. Ta ɗago bakin zanenta ta shinshina, ta sake shi.

"Su wa ke wurin?"

Na lissafa mata.

"Har matar mai gyaran babur ta yi dariya?" Ita ce wadda Inna take aika wa kifi kyauta duk Juma'a.

Na ce, "Har ita."

Ta juya kifin da ke kan raga. Can ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Tashi, hayaƙi zai kama miki kaya."

Daga ranar Inna ba ta ƙara zama a tabarmar kowa ba. Ko gidan suna ne, daga tsaye take barka ta juya. Kifin Juma'a ma ya tsaya. Matar mai gyaran babur ta same ni har ɗaki, ta ce, "Ke kika yi gulmar, ke kika kwasa kika kai. In wannan ba annamimanci ba ne, mene ne?"

Na nemi izinin maigidana na je wurin kawunsa, tsohon malamin zaure. Ya saurare ni, ya ce malamai da yawa suna ganin in maganar ba ta kai kunnen mai ita ba, kada a kai mata. A nema mata gafara, a kuma yabe ta a wurin da aka aibata ta. Ya ce, "Ke kin samu sauƙi, ita kuma kin bar ta da abin da ba ta sani ba jiya."

Na koma wa malama da wannan. Ta ce duka biyun suna cikin littattafai, kuma ita ba ta ce in faɗi kalmomin ba.

Na ce, "To Malama, da ta tambaye ni fa? In yi ƙarya?"

Ta gyara mayafinta, ta ce za ta duba. Har muka gama ajin ba ta sake tayar da zancen ba.

Na so in bi shawarar kawu, amma da na shiga taron mata sai hira ta mutu. Na yabi Inna sau biyu, ba wadda ta tanka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, Inna ba ta guje ni ba. Sai ma ta fara kirana ta kan katanga. "'Yar nan, me aka ce yau? Ke kaɗai ce za ki gaya mini gaskiya." In ce ba a ce komai ba, kuma haka ne, tunda ba mai magana a gabana. Sai ta gyaɗa kai ta ce, "To, kin fara ɓoye mini ke nan."

Bayan shekara uku babban ɗanta ya mai da ita wurinsa, wajen Bebeji. Ranar tafiya mata suka cika gidan ana koke-koke, ana yafe wa juna. Tana shiga mota ta riƙo hannuna, ta yi ƙasa da murya ta ce, "In sun yi magana bayan na tafi, ki aiko mini."

Na ce to. Ban aika ba, ban kuma san ko wannan "to" ɗin ma za a tambaye ni a kansa a lahira ba.