Kujerar Masta Brimah

A Suame Magazine, inda ake gyaran motoci, idan mutum ya zama masta to ya gama sunkuyawa. Zama zai yi a benci yana nuni da baki, wasu na kwance a ƙarƙashin mota. Haka Brimah fita, wato makanike, ya zauna shekara da shekaru, ga shayi ga wake da shinkafa, har tumbi ya riga shi shiga ƙofa.

Da ya haura hamsin gwiwoyi suka ƙi. Ladan Sanni na masallacin unguwarsu a Zongo ya fara ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu, kusa da tsofaffi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Mutumin da ya taɓa ɗaga giyabos shi kaɗai, yau ya kasa kai goshinsa ƙasa.

Likita ya ce magani dai tafiya ce. Brimah ya ajiye motarsa, ya kama zuwa aiki da ƙafa.

Sai dai fa rabin direbobin trotro, motocin haya na hanyar, shi ya gyara musu mota. Kafin ya yi nisa wani zai taka burki.

"Masta! Me ya faru? Shiga, shiga!"

"Motsa jiki nake yi."

"Ei, Masta, da girmanka? Ba kyau koraa, ko kaɗan. Shiga mana."

Ƙin alherin mutum a gaban fasinjoji wulaƙanci ne, don haka sai ya shiga. Makon farko a mota ya ƙare shi, kuma har zance ya zaga Zongo cewa Masta ya karye. Daga nan ya bar titi. Ya koma bin lungunan Ashanti New Town, yana tsallake kwatoci, yana haki, inda trotro ba ta iya shiga. Damina ta zo ta wuce yana yi.

Wata la'asar ladan ya jawo kujerar kamar kullum. Brimah ya matsar da ita gefe, ya shiga sahu. Da aka kai sujada ya sauka a hankali, gwiwoyi na ƙara, har goshi ya taɓa tabarma.

Bayan sallama ladan ya ga idonsa ya jiƙe.

"Lafiya, Masta?"

"Malam Sanni, tabarman nan na wari sosai paa," in ji Brimah, yana shafa ta da tafin hannu. "Tun yaushe ba ku wanke shi ba?"