Ankwar da Icilda Ta Roƙa

A shekarar 2011 aka kawo sabon shugaba ofishin 'yan sanda na wani garin masunta a yammacin Jamaika. Da zuwansa ya kafa doka cewa duk mai fita aiki sai da kaki, kuma a motar hukuma. Ba wanda dokar ta ƙuntata wa kamar Kofur Verona Tulloch, wadda aikinta shi ne tare yara kafin su kai gaban alƙali.

Idan aka kama yaro da ƙaramin laifi, Verona takan sa rigar gida da hular zuwa coci, ta tasa shi gaba a ƙafa har wurin wanda ya yi wa ɓarna, a daidaita a kan aikin da zai yi ya fanshi kansa. Mai kallo sai ya ɗauka goggo ce da ɗan ƙanenta. Ta bayyana wa shugaban cewa a unguwannin nan, yaron da aka ga ya sauko daga motar 'yan sanda hannu sake, sunansa ɗan rahoto. Ya yi dariya, ya tambaye ta ko ita 'yar sanda ce ko mai wa'azi.

Ana nan sai wani yaro, Kemar, ya saci kifi a kwalekwalen tsoho Blagrove. Verona ta kai shi wurin tsohon a mota kamar yadda aka umarta. Tsohon ya yafe, bisa sharaɗin yaron ya riƙa ɗinke masa komarsa ta kamun kifi. Kafin Lahadi, samarin layinsu sun karya wa Kemar hannu, wai sai ya faɗi wanda ya tona har aka sake shi.

Uwarsa Icilda ta zo ofis, ko zama ba ta yi ba.

"Mis Verona, don Allah ki sa masa ankwa, ki bi da shi ta tsakiyar kasuwa kowa ya gani. Gara kotu da maƙabarta."

"Icilda, tabon kotu fa ba ya goguwa."

"Tabo ai mai rai ke da shi."

Verona ta ɗaura ankwar a hannunsa mai lafiya, ɗaya bakin a nata, suka ratsa kasuwa har kotu. Daga ranar ba wanda ya sake taɓa shi.

Yau Verona ta yi ritaya, tana kiwon kaji a bayan gidanta. Kemar ya nemi aikin otal, an ce yana da tarihin kotu, shi ya sa har yanzu koma yake ɗinkewa a bakin teku. Dokar kaki tana nan, kuma ba a naɗa kowa a gurbin Verona ba.