Yaya Sahabi da Tsarin Littattafan Kurfai

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Sahabi. Malamin lekol ne, wato makarantar boko, a Filinge kafin a ɗauke shi aikin shirya littattafan yaƙi da jahilci, zamanin da sojoji ke mulki. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa, da ordinatar guda, wato kwamfuta, da aka kawo daga Yamai. Ni ƙanwarsa ni ce mai buga masa rubutu.

Littafinmu na farko ya dawo mana daga ƙauyukan yankinmu na Kurfai da kuka. Dattawan da ke koyon karatu bayan an gama girbin gero suka ce baƙaƙen sun yi ƙanana, ba sa ganin ƙugiyar ƙ da ɗ. Gyaran kuwa sai an bi shafi-shafi. Wasu har sun daina zuwa aji. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Daga nan ya zauna ya tsara wa ordinatar ƙa'idoji nasa. Akwai babban tsari da ya kira uwa, a nan ake faɗin irin baƙi da girmansa. Kanun darasi da sakin layi da tambayoyi su ne ɗiya, kowanne yana gadon abin da uwa ta faɗa. Ya kuma ƙirƙiri gajerun umarni. In na buga kalmar "darasi", sai lamba da kanu da gurbin hoto su jeru da kansu, ba sai na sake tsara su ba.

Gwajin farko ya ɓaci. Ya ƙara wa uwa girman baƙi, sai lambar shafi ma ta kumbura, kowane ɗan sakin layi ya zo da nasa zanen gefe. Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba.

"Hadiza, ba komi ba ne aka gado," in ji shi. "Baƙi shi bi uwa. Gefe kau, kowa shi nemi nashi."

Damina guda ya yi yana rarrabe abin da zai bi da wanda ba zai bi ba, da inda ɗa zai iya saɓa wa uwa. Da littafin ya fito da manyan baƙaƙe, da kansa ya kai shi ƙauyuka, ya zauna a tabarma yana sauraron tsofaffi na haɗa kalma. Ya dawo da ƙura har gira, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Mutanen Damana suka aiko suna son irin littafin da Zabarmanci. Ya fara, sai ciwon hanta ya kwantar da shi. Muka sa shi a taksi zuwa asibiti a Yamai. A hanya ya riƙe hannuna ya ce, "Kak ki taɓa uwa, ɗiyan kaɗai za ki canzawa." Na ce ya yi shiru, shi zai dawo ya gama. Bai dawo ba.

Yau yara na tsara takarda a waya kafin shayi ya tafasa. Ina jin da ya ga haka zai yi murna, sannan ya karɓi wayar ya tambaya ko tsoho zai iya karantawa. Da ya ga azuzuwan da rashin tsaro ya rufe a ƙasarmu kuwa, ban san me zai ce ba.

Ordinatar ta mutu tuntuni, faifan da ƙa'idojinsa ke ciki babu injin da ke buɗe shi. Littattafan ne suka rage, a akwatunan mutanen da suka koyi rubuta sunansu da furfura a kai. Na Zabarmancin ni na ƙarasa shi da gajerun umarninsa tun ordinatar na aiki. Da na zo sa sunansa a bango, sai na tarar bai tanadi gurbin sunan mai tsarawa ba, ni kuma ban iya ƙarawa ba, don sai an taɓa uwa. Haka aka buga shi.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka makwancinsa.