Na Kira Innata Wankan Jego, Ruwa Ya Tafi Da Ita

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda na rubuto muku. Nakan fara in ajiye, don ina tsoron kada ya zama kamar ina jayayya da hukuncin Allah. Karatuna ma bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

A lokacin ina gidan mijina a Haɗeja, ina 'yar sana'ar suyar kifi. Tun ina yarinya nake fama da waswasi, alwala ɗaya sai na maimaita ta, in rufe ƙofa in dawo in taɓa. Innata ce kaɗai ta iya kwantar min da hankali. Tana zaune a ƙauyenmu, can cikin fadama bayan Kirikasamma, inda ruwa ke zagaye gari duk damina. Da surfe da sayar da bandar kifi ta raine mu bayan rasuwar mahaifinmu, ba ta taɓa cin tuwo ba sai ta ga kwanon kowa da miya. Ita ce kuma ta ɗauke 'yata ta fari tun daga yaye, kamar yadda ake yi a gidanmu. Mu a wajenmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta jan ta a jiki. Ni kuwa na riƙe wannan kunya fiye da kowa, har yarinyar ta yi aure ban taɓa tsefe mata kai ba.

Da cikin yarinyar na fari ya tsufa, sai aka kawo ta wurina maimakon ƙauye, saboda ruwa ya yanke hanya, mu kuma muna kusa da asibiti. Ta sauka lafiya, namiji. Sai maganar wankan jego ta taso, ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma. Na iya wankan nan, na yi wa 'ya'yan maƙwabta ba adadi. Amma in tsaya a kan 'yar fari ta tuɓe a gabana, na ga ba zan iya ba. Maƙwabciyata ta karɓa ta fara yi, sai waswasi ya hana ni sakat, kullum ina ganin ruwan bai tafasa ba, sanyi zai shige ta. Na ce zan kira Inna ta zo ta yi, maigidana ya ce in ƙyale tsohuwa ta zauna sai ruwa ya janye. Na ce to, amma washegari na kira wayar ƙanena na ce a ba ni Inna.

Dariya ta yi tun ban gama magana ba. Ta ce ai ta san zan kira, ni da na iya haihuwa ban iya kallon abin da na haifa ba. Ta ce in gaya wa sabon angonta, wato jaririn, ya tanadi goro da turmin atamfa, ga amarya nan tafe, kuma ba za ta yarda da miji mai kwana yana tsala ihu ba. Na ce mata an ce ruwan bana ya yi yawa. Ta ce ruwan nan ba yau ya fara ba, da cikina ma ta sha ƙetare shi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ran kasuwa ta taso. Inda hanya ta karye sai a kwale-kwale ake haye da mutane, an kuwa cika shi da buhunan shinkafa da jama'a. Waɗanda suka tsira sun ce ya kife ne a wajen da ruwa ke gudu tsakanin ciyawar kacalla. Masunta sun tsamo wasu da rai, wasu gawa. Ita ba a gan ta ba.

Ina iza wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka ƙanena ya shigo da laka har gwiwa. Ya faɗa min, na ce na ji, na ci gaba da iza wutar. Da la'asar gida ya cika da masu kuka, maƙwabciyar ma tana cikinsu, ga ruwa ya tafasa, ba mai yi. Na ɗauki ganyen na kira yarinyar bayan ɗaki na yi mata wankan da hannuna. Ko ɗigon kunya ban ji ba. Haka na ci gaba har ta yi arba'in.

Mun yi zaman makoki ba gawa. Har yau ban yi kuka ba. Mutane suna yaba min tawakkali, ni kuwa na san ba shi ba ne, jina nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Malamin unguwarmu ya ce wanda ruwa ya ci ya yi shahada, in daina wahalar da kaina. Na yarda da maganarsa. Amma ko a cikin salla tambayar ba ta barina: an yi mata wanka, an sallace ta, an fuskantar da ita alƙibla, ko tana nan cikin kacalla? Daga baya wani mai kawo min kifi ya ce ya ji a wani ƙauye ta wajen Nguru masunta sun tsinci gawar wata tsohuwa a wannan damina, sun binne ta a bakin ruwa, don gawar da ta kwana biyu a ruwa ba ta ɗaukuwa. Ya manta sunan garin. Ƙanena ya bi ƙauyuka yana tambaya har ya gaji.

Abin da na gane shi ne kunya ado ce, amma idan sai wani ya ɗauki nauyinta a madadinka, ta zama kaya. 'Yan uwana mata, abin da hannunku zai iya, kada ku taso tsoho a kansa, balle lokacin ambaliya. Iyayen nan ba sa cewa a'a, mu ya kamata mu ji musu tsoro. Ku kuma mutanen bakin ruwa, idan kun binne baƙo, ku aika sanarwa kasuwanni, akwai masu jira.

Roƙona ga duk mai karanta wannan daga ƙauyukan da ke bin ruwan Haɗeja zuwa Nguru, ya taimaka ya tambayi masunta da limamin garinsu. Doguwa ce siririya, tana da tsage uku-uku a kumatu, ƙaramin yatsanta na hagu a lanƙwashe yake tun da taɓarya ta buge shi. Wanda ya san wani abu ya sanar da wannan mujalla, za su same ni. Ba tono za mu yi ba, ba mu da ƙorafi a kan kowa. So nake kawai in ji daga bakin mutum ɗaya da ya tsaya a sahun sallarta.