Yaya Sahabi da motarsa mai ƙofa biyu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sahabi makwancinsa a Wurno. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa sayar da motocin hannu, yana sawo su daga Kwatano, akasari a-kori-kura da ƙananan bas, irin waɗanda manoman albasa da direbobin Rabah ke nema.

Wata shekara sai ya dawo da abin da ba mu taɓa gani ba. Mota ce ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ya ce an yi ta ne don gudu. Ya yi imani cewa a duk ƙasar nan ba za a rasa mutum guda mai son abu don kyansa kawai ba.

Makon farko garin ya taru a kanta. An shafa, an leƙa, an yaba, kowa ya koma gida. Mutum ɗaya ne ya zo da niyyar saye, wani Alhaji mai fataucin albasa daga Goronyo. Da ƙyar ya tattare babbar rigarsa ya shiga. Ya waiga baya, bai ga wurin komai ba.

"To Sahabi, wagga mi taka ɗauka?"

"Kai taka ɗauka, Alhaji," in ji Yaya.

Alhaji ya yi dariya, ya fito, ya sayi a-kori-kura.

Shekara uku tana ajiye ƙarƙashin rumfa. Kowace Juma'a Yaya zai wanke ta, ya ta da injin, ya saurara. Sau ɗaya ya ɗauke ni zuwa madatsar ruwa ta Goronyo. Inda kwalta ke da kyau ya sake mata, na ga fuskarsa ta washe kamar ba shi ba. Da muka shiga ramuka, salansar motar ta dinga kartar ƙasa, muka ƙarasa a hankali, babura na wuce mu.

Ranar da ciwo ya kada shi, muka rasa yadda za mu yi. Ba ya iya zama, jar motar kuma, wadda ita kaɗai ta rage masa, ba ta da wurin kwanciya. A bayan a-kori-kurar maƙwabcinmu muka shimfiɗa masa katifa zuwa Sakkwato, warin albasa na tashi. Yana kallon rumfar har muka sha kwana. Bai dawo da rai ba.

Yau nakan ga matasa a majalisa suna nuna wa juna irin motar a waya, har gardama suke yi kan wadda ta fi gudu, sannan kowa ya hau babur ɗinsa. Fetur ya yi tsada, hanya ta ƙara lalacewa, tafiya kanta sai da addu'a. Da Yaya na nan, na san zai ce ga masu sayen nan sun taso. Ni kuwa na gaji da yi masa gardama kan motar tun yana raye, ba na jin zan tanka masa.

Motar, wani dillali ne daga Abuja ya zo ya saye ta bayan an yi arba'in. A kan tirela aka ɗora ta.

Tsofaffin motocin da ya sayar wa manoma kuwa, wasu na nan suna jigila tsakanin garin Taloka da kasuwa. Kwanan baya wani direba ya tsayar da ni, ya bugi ƙofar motarsa da tafin hannu, ya ce, "Wanka yas saida man ita, bai taɓa ɓoye man aibinta ba." Allah ya jiƙan Yaya Sahabi.